Sai Ya Faɗa Da Bakinsa

In kana neman shagon Inna, ka bi layin da ke bayan kasuwa, ka wuce mai walda, ka wuce mai sayar da katifa, ƙofa ta gaba mai shuɗin labule ita ce. Babu allo, babu rubutu, don Inna ta ce wanda ya san ɗinki ya san ƙofar. Ni ce babbar 'yarta, ni ke yanka a shagon. Gara in faɗa tun da wuri, ba na iya ba da labarin uwata ban cika baki ba. Wanda abin bai yi wa daɗi ba ya yi haƙuri, uwata ce.

Da keken ɗinki na aro ta fara, a barandar gidan haya, tana goye da ni tana taka shi. Babanmu ma'aikacin gidan ruwa ne, mutum shiru-shiru, in ya ce maka sannu da safe to ya gama maganar yini. Allah ya karɓi abinsa ƙanena Auta bai gama makaranta ba. Inna ba ta zauna tana jiran dangi ba, da allura da zare ta ƙarasa renonmu, ta kama shago, ta ƙara keke biyu. Ta ɗora Gwaggo, ƙanwar Babanmu, a kan ɗaya, ta ɗora Maman 'Yan Biyu a kan ɗayan. Ni kuma da na yi aure na haihu na ga zaman gida zai haukata ni, sai na dawo na kama almakashi.

Halin Inna biyu ne kowa ya sani. Na farko, ba ta katse mutum. Mace za ta zo da yadi ta yi ta bayanin irin ɗinkin da take so, ta je ta dawo, ta canza wuya, ta canza hannu, ni ina gefe raina yana tafasa, Inna kuwa ta zuba mata ido har sai ta kai aya. Na biyu, in ta kafe a kan magana, ka kira duk wanda za ka kira. A wurinta na gaji taurin kai, haƙurin ne dai ban samu ba.

Muna da wani tsari a shagon. Da safe kekuna ke aiki, ƙara ta cika ɗaki, ko ihu ka yi ba mai jin ka. In aka ci abincin rana sai a rufe kekuna a koma aikin hannu, a sa maɓalli, a kalmashe bakin riga, a farke abin da ya karkace. A wannan lokacin nake yi musu karatu. Abin ya samo asali tun ina sakandare, lokacin da aka ɗora mana wani tsohon littafi na jarrabawa, irin wanda iyayen malamanmu ma sun karanta. Na zo shago ina karantawa a fili don ya zauna mini a ka, ashe kunnuwa uku na biye da ni. Jarrabawa ta wuce, littafi bai bar shagon ba. Mun karanta wasu da yawa bayansa, amma duk shekara sai an ce a ɗauko shi. Bangonsa ya yage tun tuni, Inna ta ɗinka masa riga da ragowar ƙyalle, mu dai littafin masaƙiya muke ce masa.

Labarin ba shi da wuya. Wata yarinya ce masaƙiya a wani gari na bakin kogi. Akwai mai jirgin da ke tsallakar da mutane, mutumin kirki, mai rufin asiri, duk garin ba wanda ke da abin faɗa a kansa. Ya ga yarinya ya ji ta kwanta masa, sai ya tura kawunsa wurin ubanta. Uba ya yi murna, uwa ta yi murna, yarinya ta ce ita ba ta ƙi shi ba, amma ya zo ya faɗa mata da bakinsa. Mai jirgi ya ɗauki abin raini ne, ya sake tura manya, ta sake ba da amsa iri ɗaya. Daga ƙarshe ya auri wata. Ita kuwa ta tsufa a kan saƙarta ba aure, duk ranar kasuwa ta shiga jirginsa ya tsallakar da ita, shi yana tuƙi, ita tana kallon ruwa, ba mai ce wa wani uffan. Marubucin bai ce ta yi daidai ba, bai ce ta yi kuskure ba, ya tafi ya bar mu da rigima.

Rigima kuwa an sha ta. Gwaggo ba ta taɓa bari na kai ƙarshen babin da yarinyar ta mayar da kawu ba tare da ta yi tsaki ba.

"Wawiya!" in ji ta. "An kawo miki mutum har gida, da sana'arsa, da mutuncinsa, kin tsaya neman zaƙin baki. Zance me ye in ba gasar ƙarya ba? Namiji ya sha turare ya zo ya ce ba ya barci saboda ke, alhali munsharinsa har maƙwabta. Aure gida da gida ne. So kuma in kun zauna a ɗaki ɗaya zai zo ya same ku."

Maman 'Yan Biyu ita ba ruwanta da wannan, mai jirgin take jin haushi. Ta ce ƙato da shi, yana iya faɗa da kogi amma ya kasa faɗa wa yarinya kalma uku, ai wannan ba namiji ba ne, buhu ne. Ita mijinta sai da ya yi ta sintiri a ƙofar gidansu har takalminsa ya cinye, kuma ko yau in ya ɓata mata rai sai ta tuna masa.

Inna takan bari su gama tsaf, sannan ta ciji zare ta ce, "Yarinyar ta yi daidai. Ba zaƙin baki ta nema ba. So take ta sani, shi ne ya zaɓe ta ko kuwa kawunsa."

Daga nan Gwaggo ta ce ai duk ɗaya ne, Inna ta ce ba ɗaya ba ne, ni kuma in ce ko dai ku bar ni in ci gaba ko in rufe. Haka muka yi ta yi shekara da shekaru, muna ɗauka hira ce kawai ta rage zafin rana.

Sai ga maganar Mai Keke.

Mai Keke shi ke gyara mana kekunan ɗinki tun ina yarinya. Dogo ne, siriri, da jakar fata da ta sha mai har ta koma baƙa, da ɗan tsumma a kafaɗa. Matarsa ta rasu da daɗewa, ɗansa guda yana aiki a wani gari mai nisa. Hannunsa kuwa, in ya taɓa keke sai ka ji muryarsa ta canza. Matsalarsa ɗaya, in'ina, kuma ba 'yar kaɗan ba. In kalma ta tsaya masa sai jijiyar wuyansa ta tashi, ido ya rufe, ƙafa ta riƙa dukan ƙasa. Mutanen layinmu, don tausayi wai, ba sa bari ya wahala. Da ya fara sai a ƙarasa masa. Ya ce "ba-ba-ba" a ce "bari ka dawo gobe ko?" sai ya gyaɗa kai, ko da ba abin da zai faɗa ke nan ba. Inna kaɗai ce ba ta taɓa ƙarasa masa ba. Takan ajiye ɗinki a cinya ta jira shi kamar yadda take jiran kowa.

Ni na fara lura kekenmu ya cika lalacewa. Keken Inna, wanda ya yi shekaru ko tari bai yi ba, sai ga shi duk mako yana tsinke zare. Mai Keke ya zo, ya buɗe, ya ɗiga mai, ya murɗa wani ɗan noti, ya sha shayi, ya ce zai dawo ya duba bel. Ya dawo ya duba bel, ya ce zai dawo ya duba ƙoshiya. Wata safiya na shigo da wuri na tarar da uwata, mai furfura, ta duƙa tana sassauta notin zare da hannunta. Muka haɗa ido. Ta ce, "Ke 'yar nan, ba ki da yankan da za ki yi ne?" Na ce ina da shi, na shige ina danne dariya har cikina ya ƙulle.

Ba a jima ba Auta ya zo shago da rana tsaka, abin da ba ya yi. Auta yanzu ƙato ne mai gashin baki da 'ya'ya, amma ranar sai sosa ƙeya yake. Ya zauna a benci ya ce wan Mai Keke ya same shi a gida, tare da wani dattijo, sun zo neman auren Inna. Ya ce shi dai ya ga mutumin kirki ne, kuma ya ce musu zai zo ya ji.

Maman 'Yan Biyu ta saki maɓalli ta tafa hannu. Gwaggo ta ɗan ɓata fuska, don ɗan'uwanta ne ake shirin maye wa gurbi, amma mace ce mai gaskiya, ta ce, "To, alhamdu lillahi. Matar Yaya, kin yi zaman da za ki yi. Mutumin nan ba shi da aibu. Auta, je ka ce an ba su."

Inna ba ta ɗago daga kalmasar da take yi ba. Ta ce, "Je ka ce musu na gode. Ban ƙi ba. Amma ya zo ya faɗa mini da bakinsa."

Auta ya dube ni, na dubi almakashi. Gwaggo ta riƙe haɓa ta ce, "Tirƙashi! Littafi ya shiga kan tsohuwa."

Auta ya kai saƙo. Daga ranar Mai Keke bai sake leƙo shagonmu ba. In zai wuce layinmu sai ya zagaya ta bayan mai katifa. Kamar da gayya kuma, keken Inna ya lalace na gaske, ya riƙa cin yadi yana tara zare a ƙasa, ta koma tana aron na Gwaggo in ta tashi. Ba wanda ya isa ya ce a kira wani mai gyara. Sai kuma mai walda ya kawo mana labari, ɗan Mai Keke ya zo, ya ce ba zai ƙara barin ubansa shi kaɗai ba, ba mai dafa masa, ba mai duba shi in ya kwanta ciwo. An fara ɗaure kayan shago, ƙarshen wata zai tafi da shi.

Ranar da labarin ya zo ba a yi karatu ba. Gwaggo ta tashi ta saki labule, ta tsaya a kan Inna.

"Matar Yaya, yau sai na faɗa miki. Wannan ba aji ba ne, mugunta ce. Mutumin da sunansa ma sai ya yi gumi kafin ya faɗa, shi za ki ce ya zo ya tsara miki zance? Gurgu za ki ce ya yi tsere kafin ki ba shi ruwa? Kuma na daɗe ina haɗiye wata magana. Duk shekara kina cewa yarinyar littafi ta yi daidai. Yayana bai zo zance wurinki ba, manya suka je suka gama. To me ya rage ki da shi? Ya taɓa zaginki? Ya taɓa barin ki da yunwa? Duk sanda kika yabi yarinyar nan, Yayana kike zagi a kabarinsa!"

Wallahi na zaci Inna za ta tashi. Ba ta tashi ba. Ta bari Gwaggo ta gama har ta zauna tana haki, sannan ta cire tabarau ta ajiye a kan keke.

"Gwaggon yara, Yayanki mutumin kirki ne, kuma wanda ya ce ba haka ba ni zan fara faɗa da shi. Bai rage ni da komai ba. Na so shi, na yi masa kuka, ke shaida ce. Amma har ya koma ga Allah ban sani ba, shi ya gan ni ya ce ita nake so, ko kuwa miƙa masa ni aka yi ya karɓa da ladabi. Ban tambaya ba, don ni ma ba wanda ya tambaye ni. Lokacin yarinya ce ni, ubana aka tambaya. Yau ga furfura, ga jikoki, ga shago da na gina da ƙafata, sai a je a tambayi yaron da na yi wa wanka a roba? Auta ne zai ba da ni?"

Gwaggo ta ce, "To in'inar fa?"

"In'inar ce ma ta sa. Tun yana yaro ake yi masa magana. Kowa ya ƙarasa masa, kowa ya fassara shi, har ya saba da gyaɗa kai. Yanzu auren ma a ƙarasa masa? Ni ban taɓa ɗaukarsa rabin mutum ba, ba kuma zan fara ranar da ya nemi aurena ba. Yana da baki. A hankali yake, amma yana da shi."

Ni dai maganar ta shige ni. Amma tsoro bai bar ni ba, don na san uwata, na kuma san wata ba ya jiran kowa. Na same ta ita kaɗai na ce, "Inna, in ya tafi fa?" Ta ce, "In ya tafi ya tafi." Sai dai na ga allurar da take ƙoƙarin zura wa zare ta ƙi shiga, kuma ba laifin ido ba ne.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Inna ta rame, ta daina shan shayin la'asar. Gwaggo ta daina yi mata magana sai ta aiki. Maman 'Yan Biyu ta ce ita za ta je ta jawo shi da wuyan riga, Inna ta ce in ta je kada ta dawo shagon. Ana cikin haka, saura kaɗan wata ya ƙare, Inna da kanta ta ce in ɗauko littafin in karanta babin ƙarshe. Na ce, "Inna, yau kuwa?" Ta ce, "Karanta."

Na karanta. Tsohuwar masaƙiya ta sauko bakin kogi da ƙunshin saƙarta, ta shiga jirgi, ta zauna a inda ta saba. Ranar ba fasinja sai ita. Mai jirgi ya tuƙa har tsakiyar ruwa, ya tsayar da tuƙi, ya dube ta. Ita kuwa ta juya fuska tana kallon ruwa har ya gaji ya ci gaba.

"Tsaya," in ji Inna. "Maimaita wurin nan."

Na maimaita. Inna ta ja tsaki, irin tsakin Gwaggo sak. Ta ce, "Wawiya."

Gwaggo ta ɗago da sauri. "Allah mun gode! Yau kin dawo hanya."

"Ban dawo ko'ina ba. Da ta ce ya faɗa da bakinsa, ta yi daidai, ko gobe ina nan a kan haka. A nan ne ta yi wauta. Mutum ya tsayar da jirgi a tsakiyar kogi, ya dube ki, ke kuma kin ba shi ƙeya. Kin ce ya yi magana, to ina kunnen da za ki ji da shi? Shekara nawa ake karanta mini wurin nan ban gani ba." Ta miƙe ta gyara mayafi. "Ke 'yar nan, kira mini ɗan dako. A kwance kan keken nan."

Haka muka fito da rana tsaka, ɗan dako a gaba da kan keke a cikin baro, Inna a bayansa tana tafiya kamar mai zuwa karɓar bashi, ni da Gwaggo muna biye. Gwaggo tana ta mita wai mace da girmanta ta bi namiji har shago, amma ba ta koma ba. Mai walda ya ɗaga gilashinsa yana kallonmu, na harare shi ya mayar.

Shagon Mai Keke ɗan ƙarami ne, a ƙarƙashin wani bene. Rabin kaya an ɗaure a kwalaye, kantocin da ke cike da ƙoshiya da bel sun zama wayam, sai ƙusoshi a bango da zanen inda kayan aiki suka daɗe a rataye. Ɗansa yana ɗaure wani kwali da igiya, saurayi mai tsabta da ladabi. Mai Keke na zaune a kan kujerar aikinsa. Da ya ga Inna ya miƙe har ya ture gwangwanin mai.

Inna ta yi sallama, ta sa aka ajiye kan keke a tebur, ta share benci da gefen mayafi ta zauna.

"Na kawo keke," ta ce. "Wannan karon da gaske ya lalace. Kuma ba sauri nake ba. Na rufe shago."

Mai Keke ya dubi keke, ya dubi Inna. Ya goge hannu da tsumma, ya sake gogewa. Ya buɗe baki. "Ma-ma-ma..."

Ɗan ya matso da sauri. "Mama, abin da Baba yake nufi shi ne..."

"Ɗana," in ji Inna, "Allah ya yi maka albarka, amma ba kai ne za ka aure ni ba. Zauna."

Yaro ya zauna a kan kwali kamar an danna shi.

Ban taɓa ganin mutum ya yi aiki irin wanda Mai Keke ya yi a wannan ranar ba. "Mai shago" kaɗai, sunan da yake kiran Inna da shi, sai da ta ɗauke shi lokaci. Ya samu "ina" da kyar, sai kalma ta gaba ta tsaya masa a maƙogwaro ta ƙi fita. Jijiyar wuyansa ta tashi, idonsa ya rufe, ƙafarsa na dukan siminti, gumi na bin gefen fuskarsa yana ɗiga a wuyan riga. A waje kowa na harkarsa, babura na wucewa. Ni kaina kalmar tana kan harshena, sai da na cije leɓe. Gwaggo ta kasa jurewa, ta ce, "Wayyo, bawan Allah, so yake ya ce..." Inna ta ɗaga hannu ɗaya ba ta ko waiwaya ba, Gwaggo ta haɗiye sauran.

Inna kuwa ba ta kalli ƙasa ba, ba ta kalli bango ba, ba ta yi irin murmushin tausayin nan da mutane ke yi masa ba. Ta ɗora hannu biyu a cinya ta zuba masa ido. Sau biyu ya tsaya ya girgiza kai kamar zai haƙura. Ta ce, "Ina ji." Ya ja numfashi ya koma farko.

Ba zan kwaikwayi yadda ta fito ba, don ba abin wasa ba ne. Guntu-guntu ta fito, amma ta fito duka, ba wanda ya sa masa ko harafi. Ya ce, "Mai shago, ina son ki. Ni na gan ki, ba wanda ya nuna mini ke. Ina so ki aure ni."

Da ya gama sai ya dafa tebur. Ɗansa ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa na motsi. Daga baya ya gaya mini tun da aka haife shi bai taɓa jin ubansa ya yi magana mai tsawon wannan ba.

Inna ta ce, "Na ji. Ni ma ina son ka, kuma na yarda. Yanzu sai ka tura wanka wurin Auta su yi nasu." Ta juya ga yaron. "Kai kuma kwance kwalayen nan, Babanka yana da aiki."

Ni a lokacin, da za a auna ni, na fi ƙofar shagon faɗi. Na so in fita titi in tsayar da motoci in ce ku zo ku ga uwata. Na juya in tsokani Gwaggo, in ce to yau wa ya ci, sai na ga ba ta cikin shagon.

A waje muka same ta, ta jingina da bangon benen, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Gwaggo da ko ranar da aka binne mijinta ba a ga hawayenta a fili ba. Inna ta matsa kusa da ita.

"Gwaggon yara, lafiya? In don Yayanki ne..."

Gwaggo ta girgiza kai. Ta share ido da bayan hannu, ta sake sharewa, abin ya ƙi tsayawa.

"Ba don Yaya ba ne," ta ce. "Matar Yaya, ashe haka ake faɗa? Na yi aure, na haihu, na aurar, na binne miji. Ni ba wanda ya taɓa faɗa mini."

Inna ta ƙara matsawa jikinta. Ta kama hannunta, suka kama hanyar shago a hankali, ni ina biye da su a baya.